Faifan SSD Mai Kalmar Sirri: Yadda Ake Buɗe Shi a Wata Kwamfuta

SSD shi ne faifan ajiyar bayanai da ya maye gurbin tsohon faifai mai juyawa a yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu. Babu abin da ke motsi a cikinsa. Ƙananan cif-cif ne jere a kan ɗan allo, irin waɗanda ke cikin filas da wayar hannu, tare da wani cif guda da ke shugabantar su, wanda duk wani rubutu ko karatu sai ya bi ta hannunsa. Siffa biyu aka fi gani: mai faɗin inci 2.5 da ake jonawa ta mahaɗar SATA, da kuma siririn da ake kira M.2, wanda galibi faɗinsa milimita 22 ne, tsawonsa 80.

Sau da yawa kwamfuta kan mutu ta bar faifanta da rai. A Yola da Jimeta dalilan a fili suke: zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu da ke toshe fanka, wutar lantarki mai hawa da sauka da ke ƙona caja ta haɗa da allon injin, ga kuma ambaliyar Binuwai irin ta 2012 da 2022. Ɗalibin Jami'ar Modibbo Adama da kundin kammala karatunsa ke ciki, ko mai yi wa ƙasa hidima da ya sauka a sansanin Damare da kwamfutar da ta sha jijjiga a mota, ko mai shagon buga takardu da aikin mutane ya maƙale masa, duk buƙatarsu ɗaya ce idan sun isa wajen mai gyara: a ciro fayilolin, kwamfutar ta jira. Dabarar da aka saba ita ce a kwance faifan, a sa shi a ɗan gidansa mai wayar USB, a jona a wata kwamfuta, a kwashe. Shekaru da dama wannan dabara tana ci. Yanzu kuwa akan jona faifan ya nemi wasu lambobi da mai shi bai taɓa jin labarinsu ba, ko ya yi gum kamar babu komai a cikinsa.

Kafin a zargi kulle, sai an tabbatar jonawar ta yi daidai. Siririn M.2 iri biyu ne da suka yi kama a ido: akwai mai magana da yaren SATA, wanda yawanci tsaga biyu gare shi a baki, akwai NVMe mai tsaga ɗaya. Gidan da aka yi don ɗaya ba lallai ya karɓi ɗayan ba, kuma idan aka haɗa su ba daidai ba kwamfuta ba za ta ga komai ba. Faifai da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa, gidan da aka sa su ne bai dace ba.

Kullen da ba na faifai ba

Abin da mutane ke kira kalmar sirrin kwamfuta abubuwa ne daban-daban, kuma gane wanda ake fama da shi shi ne rabin aikin. Mafi sauƙi ita ce wadda ake bugawa a shiga Windows. Wannan kwaɗon ƙofar ɗaki ne, ba na adakar da ke cikin ɗakin ba: idan aka fitar da adakar aka kai ta wani gida, kwaɗon ƙofa ba ya bin ta. Faifan da wannan kaɗai ke tsaronsa yana buɗewa a kowace kwamfuta. Iyakaci Windows ta ce ba a da izinin shiga jakar mai shi, wanda ke da ikon shugabancin kwamfutar ya danna amincewa, ta ba da hanya bayan ɗan jira. Togaciya guda ita ce fayilolin da aka sirranta ɗaya bayan ɗaya da tsarin EFS, wanda ke cikin Windows tun fitowar Windows 2000. Waɗannan za a ga sunayensu amma ba za su buɗu ba sai da shaidar asusun da ya kulle su.

Sauran nau'o'in kullen duk a jikin adakar suke, duk inda aka kai faifan suna tare da shi.

BitLocker

Wannan shi ne wanda masu gyara suka fi cin karo da shi a yau. Microsoft ya fito da shi tare da Windows Vista a 2007, kuma aikinsa shi ne hautsina duk abin da aka rubuta a faifai ta hanyar lissafi, yadda ba mai iya karantawa sai mai mabuɗi. Lissafin da ake amfani da shi sunansa AES. Wasu masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙiro shi, hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta amince da shi a 2001.

Abin da ke rikita mutane shi ne, mai kwamfutar kan rantse bai taɓa sa wani kulle ba, kuma gaskiyarsa ne. Tun daga Windows 8.1 a 2013, wasu kwamfutoci kan sirranta faifansu da kansu ba tare da tambayar kowa ba. Sabuntawar Windows 11 da ake kira 24H2, wadda ta fito a Oktoban 2024, ta faɗaɗa abin ya shafi kwamfutoci masu yawa da aka zuba wa Windows sabuwa. Mai ita ba ya lura, domin mabuɗin na ajiye a wani ɗan cif da ke manne a allon injin, ana kiransa TPM. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, cif ɗin kan duba ko komai na nan yadda aka bar shi, ya saki mabuɗin a ɓoye. Ranar da aka raba faifan da allon, an raba shi da mabuɗinsa. Kalmar sirrin shiga Windows ba ta da amfani a nan, haka ma 'yan lambobin da wasu ke bugawa kafin kwamfuta ta tashi, domin su ma da wancan cif ɗin suke aiki.

Abin da ya rage shi ne mabuɗin ceto: lambobi 48, kashi takwas, kowane kashi lamba shida. Idan aka jona faifan a wata kwamfuta mai Windows, zai bayyana da hoton kwaɗo a kansa. Ana danna shi, a zaɓi shigar da mabuɗin ceto, a buga lambobin. Kowace Windows ta zamani tana iya wannan buɗewar, har da ta amfanin gida wadda ba ta da cikakken BitLocker. Masu gyara da suka saba da rubuta umarni kan yi amfani da manage-bde, masu Linux kuma suna da dislocker da cryptsetup. Duk hanyar da aka bi, lambobin nan dai ake nema. Akwai wata hikima a tsarinsu: kowane kashi na lamba shida yana rabuwa da 11 ba saura, don haka idan hannu ya zame aka buga lamba ba daidai ba, galibi kwamfuta kan gane nan take.

Tambayar ita ce ina lambobin suke. Shafin da ke neman su yakan nuna wata alamar shaida, kuma haruffa takwas na farkonta su ake kwatantawa da na mabuɗin da aka samo, domin mutum ɗaya kan iya tara mabuɗai da yawa. Wuri na farko da ake dubawa shi ne asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi. Ana buɗe asusun ko da a waya ne, a je sashen na'urori, a tarar da mabuɗin. Idan kwamfutar ta ofis ce ko ta makaranta, sashen kula da kwamfutoci na wurin ne ke riƙe da shi. Wanda ya kunna BitLocker da hannunsa kuwa, an ba shi zaɓin ya buga shi a takarda ko ya adana a filas, sai ya tuna inda ya jefa.

A nan ne al'adar sayen kwamfuta a kasuwanninmu ke jawo asara. Mai saye kan ce a haɗa masa komai kafin ya zo ɗauka. Yaron shago, don ya wuce matakin da Windows ke neman asusu, sai ya shiga da nasa, ko ya ƙirƙiri wani da ba wanda zai sake tunawa da shi. Mabuɗin ceto ya tafi can. Bayan shekara biyu allo ya ƙone, yaron ya bar shagon, lambar wayar da aka buɗe asusun da ita ta koma hannun wani. Microsoft kansa ya bayyana cewa ba ya iya ƙirƙiro mabuɗin da ya ɓace. Akwai dai sa'a guda: idan ba a taɓa shiga da asusun Microsoft ba sam, sirrantawar da ta kunna kanta takan tsaya ba ta kammala kullewa ba, kuma irin wannan faifan yakan buɗe a wata kwamfuta ba tare da neman komai ba.

Ba ƙananan masu amfani kaɗai abin ke kamawa ba. Ranar 19 ga Yulin 2024, wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Gyaran kansa goge fayil guda ne, amma a wurare da yawa sai da aka nemo lambobi 48 na kowace kwamfuta kafin a kai ga fayil ɗin, wasu ma'aikatun kuma suka tarar da rumbun da suka adana mabuɗan shi ma ya faɗi.

Idan tsohuwar kwamfutar tana da sauran numfashi, gyara ta ya fi cire faifan. Allon da aka farfaɗo da shi na minti talatin ya isa cif ɗin ya saki mabuɗi a kwashe komai. Sauya allon gaba ɗaya kuwa daidai yake da kai faifan baƙuwar kwamfuta.

Kullen da ke cikin faifan kansa

Nau'i na gaba ya girmi BitLocker. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙa'idar ATA ta ba faifai damar riƙe kalmar sirri a cikin kansa. Ana sa ta ne daga BIOS, wato shafin saiti da ke fitowa kafin Windows ta tashi, kuma an fi ganin ta a kwamfutocin ofis irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook, waɗanda su ne suka cika kasuwar na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka ta Legas, su bi ta Kano ko kai tsaye su iso shagunan Jimeta. Faifan da aka kulle haka yana faɗin sunansa da girmansa, amma ya ƙi ba da ko harafi ɗaya. Windows kan nuna shi a matsayin faifan da ba a san shi ba, ta nemi a shirya shi kamar sabo.

Cire ƙaramin batirin da ke kan allo, wanda wasu ke ɗauka maganin kowace kalmar sirri ne, ba ya taɓa wannan. Faifan na karɓar kuskure sau biyar, daga nan ya daina sauraro sai an kashe masa wuta an sake kunnawa. Kalmomin sirrin kuma biyu ne, ta mai amfani da ta uban gida. Idan an saita tsaron a mataki na sama, ta uban gida na iya buɗewa. Idan a matakin ƙoli ne, iyakarta ta goge faifan.

Ko wanda ya san kalmarsa sarai yakan sha wuya a wata kwamfuta, saboda dalilai biyu. Yawancin gidajen USB masu araha ba sa isar da umarnin buɗewa zuwa ga faifan, don haka sai an jona shi kai tsaye a mahaɗar SATA ta babbar kwamfutar tebur, a yi amfani da manhaja irin hdparm ta Linux. Na biyu ya fi wuyar ganewa: wasu kamfanoni ba sa aika wa faifan haruffan da aka buga yadda suke, sukan juya su ta wani lissafi nasu tukuna. Mutum ya buga kalmarsa daidai a baƙuwar kwamfuta, faifan ya ce bai san ta ba. Shi ya sa hanya mafi kusa ita ce a nemo kwamfuta ta kamfani ɗaya, in da hali samfuri ɗaya, a sa faifan a cikinta. Za ta nemi kalmar da zarar an kunna, a buga, a shiga BIOS a cire kullen gaba ɗaya. Wannan shawarar ta fi ƙarfi a kan NVMe, wanda ba ya jin umarnin ATA, kowane kamfani da yadda yake kulle shi.

Faifai da yawa na zamani suna sirranta bayanai da kansu a ƙarƙashin wata ƙa'ida mai suna Opal, wadda ƙungiyar Trusted Computing Group ta fitar a 2009. Irin waɗannan suna da haruffa da lambobi 32 a rubuce a takardar da ke manne a jikinsu, da sunan PSID. Mutane kan ga wannan su ɗauka sun tsinci mabuɗi. Aikinsa shi ne ya lalata mabuɗin da ke ciki ya ƙirƙiri sabo. Cikin daƙiƙoƙi faifan ya koma fanko, kuma abin da ke ciki ya tafi har abada. Ga ɗan kasuwar da ya sayi dilar kwamfutoci ya tarar da wasu a kulle, wannan alheri ne. Ga mai neman kundin digirinsa, ƙarshen zance ne. Duk mai gyaran da ya ce zai buɗe faifai, ya kamata a tambaye shi ƙarara: da kayan ciki ko babu su? Kalma ɗaya ake amfani da ita ga ayyukan biyu a bakin shago, kuma mai gyaran kirki shi ke fara fayyacewa kafin ya taɓa komai.

Apple, Linux da faifan aljihu

Kwamfutocin Apple na 'yan shekarun nan ba su ba da ƙofar wannan dabara ba. A MacBook masu cif ɗin T2, daga 2018, da masu M1 zuwa sama, daga 2020, ma'ajiyar a like take da allo kuma mabuɗinta na ɗaure da cif ɗin injin. Babu abin cirewa. Tsofaffin da ake iya cire faifansu, idan an kunna kullen Apple mai suna FileVault, ana jona su a wata Mac a buga kalmar shiga ta mai shi ko mabuɗin ceto mai haruffa 24. Faifan Linux da aka kulle da LUKS yana buɗewa a wata Linux da kalmarsa, haka na VeraCrypt idan an girka manhajar. Faifan aljihu irin Samsung T7 yana da manhajarsa da ake girkawa a Windows ko Mac. Idan an manta kalmar, abin da ya rage shi ne mayar da shi fanko.

Haɗarin da ke tattare da faifan Mac, na Linux da na VeraCrypt ɗaya ne. Windows ba ta gane tsarinsu, sai ta fito da saƙon cewa a yi wa faifan fomat kafin a yi amfani da shi. Amsar ita ce a'a. A tsohon faifai mai juyawa akan iya tono abin da aka goge ko bayan makonni. SSD kuwa yana da umarnin TRIM, wanda ke sanar da shi wuraren da ba a buƙata, shi kuma ya share su da kansa a bayan fage. Idan kuma faifan sirrantacce ne, lalata ɗan sashen da mabuɗin ke kwance ya wadatar a rasa sauran duka.

Ko ana iya fasawa

Mabuɗin AES mafi ƙanƙanta yana da yawan yiwuwar da sai an jera lambobi 39 kafin a rubuta adadinsa. Babu kwamfutar da za ta gwada su ta gama. Manhajojin da ake tallatawa a intanet da alƙawarin fasa BitLocker cikin mintuna, ko dai suna neman mabuɗin ne su ma daga baya, ko kuwa tarko ne na cusa cuta a kwamfuta. Inda ake samun nasara shi ne inda kalmar sirri ce mutum ya zaɓa da kansa, kamar a faifan waje, kuma yana tuna mafi yawanta. Nan ana iya gwada sauye-sauyenta da manhaja har a dace.

An taɓa samun ɓaraka a wasu faifai. A 2018 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Radboud da ke Holan, Carlo Meijer da Bernard van Gastel, sun nuna cewa a wasu samfuran Crucial da Samsung, ciki har da MX100, MX200, MX300, 840 EVO da 850 EVO, kalmar sirri ba ta da cikakkiyar alaƙa da mabuɗin ainihi, har ana iya zagaye ta. Abin ya yi muni domin a lokacin BitLocker kan miƙa aikin sirrantawa ga faifan idan faifan ya ce zai iya. Microsoft ya sauya wannan a 2019, ya koma yin lissafin da kansa. Wannan aiki ne na ɗakin bincike da kayan aiki na musamman, kan tsofaffin samfura ƙalilan, ba abin da za a dogara da shi a teburin gyara ba.

Mallaka da abin da ke biyo baya

Kulle ba ya bambance mai kaya da ɓarawo, don haka nauyin ya koma kan mai gyara. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora alhaki a kan duk wanda bayanan mutane suka shiga hannunsa. Neman rasit ko wata shaidar mallaka kafin a fara aiki kariya ce ga shagon kansa. Faifan da aka kawo ba kwamfuta, ba labari mai kan gado, ya cancanci tambayoyi.

Akwai kuma batun rasuwa. Takardun fili, lissafin bashi da na kasuwanci sun koma cikin kwamfuta, magada kuma kan zo rabon gado su tarar da faifan da ba wanda ya san mabuɗinsa. A irin wannan hali layin wayar mamacin da imel ɗinsa su ne hanya mafi kusa zuwa asusun Microsoft, saboda haka bai kamata a bar layin ya mutu ba kafin a gama. Takarda guda mai lambobi 48, a ajiye tare da takardun gida, ta isa ta kawar da wannan wahala tun da rai.

Idan faifai ya buɗu, aikin farko shi ne kwafe komai zuwa wani wuri kafin a fara tunanin cire kullen, domin cire BitLocker na nufin sake rubuta faifan gaba ɗaya, kuma ɗaukewar wuta ko mutuwar faifai mai rauni a tsakiyar aikin na iya dagula lissafi. Idan bai buɗu ba kuma ana sa ran mabuɗin zai fito wata rana, gara a ɗauki cikakken hotonsa, sashe bayan sashe, zuwa wani faifan. BitLocker da LUKS suna ba da damar haka, kuma kwafin zai buɗu da mabuɗi ɗaya da na asalin. Kullen ATA da na Opal ba sa bari a karanta komai, don haka su sai dai a adana faifan kansa. Adanawar ma tana da iyaka: SSD na riƙe bayanai ne da ɗan cajin lantarki da ke tsiyayewa a hankali, zafi kuma na ƙara masa sauri. Ƙa'idar hukumar JEDEC ta tanadi cewa faifan amfanin yau da kullum da ya cinye ƙarfin rubutunsa ya riƙe bayanai shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30. Sabon faifai kan wuce haka nesa, amma aljihun tebur a shagon kwano a Jimeta cikin bazara ya fi digiri 30, don haka tsohon faifai da ke jiran mabuɗi wuri mai sanyi da bushewa ya kamata a nema masa.